Sunayen da Suke Ɓacewa a Shafin Maman Likita

Akwai wata mata mai ɗinkin labule da kowa a layinsu yake kira Maman Likita. Ba likita ta haifa ba. 'Yarta ce guda ɗaya, mai ciwon sikila, wadda ta saba da asibiti har ta haddace sunayen magungunanta, nas-nas suka laƙaba mata Likita don wasa. Tana da shekara goma sha ɗaya Allah Ya karɓi abarsa. Yarinya ta tafi, suna ya zauna a kan uwa.

Ranar da ta rasu, jini ake nema. Wata nas ta miƙo musu takarda mai lambobin mutanen da suka taɓa bayarwa. Ita da mijinta suka tsaya a barandar asibiti suna ta kira. Kafin a samu wanda zai zo, lokaci ya ƙure.

Da hawaye suka ɗan tsagaita, Maman Likita ta ce ita kam ba za ta bari wata uwa ta tsaya a wannan barandar da takarda guda a hannu ba. Ƙanwarta Auta, wadda take koyar da kwamfuta a wata makaranta, ta gina mata shafi a intanet: sunan mutum, irin jininsa, unguwarsa, lambar wayarsa. Ta kama wa shafin wuri a hannun wani kamfani, irin waɗanda suke ajiye wa mutane shafukansu.

"Kamar ɗakin haya ne, Yaya," in ji Auta. "Na yanka makulli uku. Naki, nawa, da na Abban Likita."

Makullin nan suna ne da kalmar sirri, ta rubuta wa kowa nasa a takarda. Abban Likita, wato mijin, mai gyaran firji ne. Ya karɓi tasa takardar, ya ninke, ya sa a aljihu, ya fita. Dama tun rasuwar yarinyar maganarsa ta koma sannu da gida da sai na dawo.

Shekara uku Maman Likita tana wannan aiki. In ta kai labule gidan mutane, kafin ta sauko daga kan kujera sai ta tambaye su irin jininsu. Ta bi asibitoci, ta bi makarantu, ta bi tasha. Waya ba ta barinta ta gama cin abinci. Tukunya nawa ta ƙone tana tsaye tana haɗa mai nema da mai bayarwa, ita ma ba ta sani ba. Ƙafafunta suka fara kumbura, idanunta suka faɗa.

A saman shafin akwai lamba da take nuna yawan mutanen da ke cikin jerin. Kowace safiya, in ta idar da salla, kafin ta kunna wuta, wannan lambar take fara dubawa. Ranar da ta kai ɗari huɗu da sha biyu, har maƙwabciyarta sai da ta ji labari ta kan katanga.

"Ni kaɗai na tara su," ta ce. "Babu wanda ya ɗaga min ko tsinke."

Ta faɗa da ɗan ƙarfi, don mai gidan yana tsakar gida yana ɗaura takalmi. Ya gama ɗaurawa, ya ce sai ya dawo.

Da gajiya ta yi mata yawa ta rage yawo, sai ta fara lura da wani abu. Lambar tana raguwa. Yau ɗari huɗu da sha biyu, jibi ɗari huɗu da biyar. Ta ƙara mutum uku, washegari ta tarar kamar ba ta ƙara ba. Da farko ta ɗauka idonta ne. Ta fara rubuta lambar a bangon akwatin zare, ta tabbatar. Wani yana shiga yana cire mutane.

Cikin kwanakin nan aka nemi irin jininta, ta je ta bayar, alhali ko wata biyu ba a yi ba da ta bayar a wani asibitin. Ba ta faɗa musu ba. Da ta dawo, jiri ya kwashe ta a kicin. Mijinta ya shigo ya same ta zaune a ƙasa, buta ta kife, ruwa ya jiƙa mata zane. Ya ɗaga ta ya kai ɗaki, ya goge ruwan, ya kawo mata shayi. Bai yi faɗa ba, bai yi tambaya ba.

Bayan kwana biyu ta buɗe shafin, ta nemi sunanta. Babu.

Nan take zuciyarta ta tafi wuri guda. Wata bakwai da suka wuce sun yi cacar baki da Auta. Auta ta zo ta ga yadda ta rame, ta ce, "Yaya, shafin nan zai kashe ki. Ni na gina shi, wallahi in kika ci gaba a haka ni zan rushe shi." Tun ranar gaisuwa kawai take haɗa su.

Ta ɗauki waya.

"Auta, me na yi miki?"

"Yaya, ina cikin aji. Lafiya?"

"Kin ce za ki rushe, ga shi kina rushewa a hankali kamar gara. Har sunana kika cire. Abin da ya rage min na yarinyar nan ke nan, shi ma ya tsone miki ido?"

Ta ji Auta ta fita daga ajin, ƙofa ta rufu.

"Yaya, rabona da shafinki tun ranar da kika kore ni daga falonki. Kalmar sirrin ma na manta ta."

"To aljani ne? Mu biyu ne muka iya shiga. Abban Likita ko inda ya jefa takardarsa bai sani ba."

"Ba sai mun yi musu ba. Kamfanin nan yana rubuta duk wanda ya shiga, da ranar, da lokacin, da abin da ya taɓa. Ki shiga da makullinki ki nemi tarihin."

"Zan nema. Kuma in na ga hannunki a ciki, ba ni ba ke. Ko gawata kada ki zo kanta."



"To, Yaya," in ji Auta, ta kashe.

Neman tarihin nan kwana uku ya ci mata. Ita dai abin da ta iya shi ne inda ake ƙara suna. Sauran wurin duk ƙananan hotuna ne da rubutu cikin yaren kamfanin, sai wayar ta fassara mata, wani lokacin fassarar ta fi asalin wuya. Ta danna nan ya kai ta can. Suka ce za su turo lambobi shida a wayarta don su tabbatar ita ce. Kafin ta nemo tabarau ta kwafe su, lokacinsu ya wuce. Sau uku ana haka. Labulen wata mata yana kan keken ɗinki rabi a ɗinke, matar tana ta aike.

A rana ta biyu ta rubuta wa kamfanin da kanta, ta ce ita ce mai shafin, tana so ta ga duk wanda ya shiga. Amsa ta zo da yamma. Suka ce shafinta ne, haƙƙinta ne ta gani, suka nuna mata inda za ta danna ɗaya bayan ɗaya, suka ce tarihin shekara guda suke ajiyewa.

Da ya buɗe, rubutun ƙanana ne kamar tururuwa. Ta kai shagon da ake buga takardu a bakin titi. Inji ya yi ta amai har shafi talatin da ɗaya.

"Hajiya, littafi kika rubuta ba mu sani ba?" in ji mai shagon.

"Shari'a ce," ta ce, ba ta yi dariya ba.

Ta dawo gida da hantsi, ta share zare daga kan teburin ɗinki, ta sa tabarau, ta ɗauko rular da take auna yadi. Layi-layi take bi. Kowane layi yana da rana, da lokaci, da makullin da aka shiga da shi, da irin wayar, da abin da aka yi.

Nata ta fara gani, da sassafe, kullum. Ta wuce. Sunan Auta take nema. Ta bi shafi na ɗaya, na biyar, na goma. Sai can a na goma sha takwas ta same shi, sau ɗaya, wata bakwai da suka wuce, safiyar ranar da suka yi faɗa. Daga nan babu.

Amma tsakanin kowane layi nata da na gobensa akwai wani layin. Tun a shafin farko idonta yake tsallake shi, don ba shi take nema ba.

Abban Likita. Ƙarfe biyu na rana saura minti ashirin. Ya shiga. Ya ajiye kwafin jerin. Ya gyara jerin. Ya fita.

Washegari haka. Jibi haka. Ta juya takardun har na ƙarshe, shekara guda cur, da wuya a samu ranar da babu.

Zuciya ba ta son a kayar da ita. Ta ce ai Auta ce ta yanka makullan, ta san nasa, da shi take shiga. Sai ta ja rula zuwa inda aka rubuta irin wayar. Tsohuwar wayarsa ce, mai fasasshen gilashi, wadda kullum take ce masa ya jefar.

Ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta ma san wane ciwon za ta fara ji ba, na abin da ta gaya wa ƙanwarta, ko na mutumin da suke kwana ɗaki ɗaya yana rage mata aikin da take kashe kanta a kai.

Ta dubi agogo. Ɗaya da kwata. Ta zura takardun a leda, ta ɗauki mayafi.

Rabonta da shagonsa ya fi shekara biyu. Yana nan yadda ta san shi: firji a jere a bakin ƙofa, wasu ba murfi, wasu an kwance musu baya, warin gas da na dalma, wayoyi a rataye a ƙusa. Ba kowa a gaba. Daga can ciki ta ji muryarsa.

Ta tsaya a bayan wata babbar firiza tana leƙe. Yana zaune a kan akwatin kayan aiki, kwanon abincin da ta zuba masa da safe yana gefe ko buɗewa bai yi ba, waya a kunne.

"Eh, daga shafin masu ba da jini ne. Yaushe ka bayar na ƙarshe? Makon jiya? Allah Ya saka da alheri. To zan ɗauke sunanka ka huta, bayan wata uku in mayar. A'a, ba laifi ka yi ba, Alhaji, hutu ne."

Ya miƙe da alƙalami mai kauri a hannu, ya nufi wani dogon tsohon firji da ke jingine da bango. A lokacin ta ga ƙofar firjin. Daga sama har ƙasa rubutu ne. Suna, kwanan wata. Suna, kwanan wata. Wasu an soke su da layi. A gefe ɗaya an rubuta waɗanda suka bar gari, a ƙasa waɗanda lambarsu ta daina shiga. Can a lungu, da ƙaramin rubutu, mutum shida, kowanne da addu'a a gabansa.

A tsakiya, daidai tsayin idonsa, ga sunanta. An ja masa layi biyu a ƙasa, da kwanan watan da ya rage wata huɗu.

Ledar hannunta ta yi ƙara. Ya juyo.

"Maman Likita? Lafiya? Wani abu ya faru a gida?"

Ta ciro takardun ta miƙa masa. Ya duba shafin farko, ya ga sunansa a jere, ya sosa ƙeya da bayan alƙalami.

"Ashe har wannan suke rubutawa."

"Shekara nawa?"

"Biyu da 'yan watanni."

"Ina tarawa kana ragewa."

"Ina mayarwa kuma. Duba waɗanda na soke, duk sun koma. Wata nas ta ce namiji ya huta wata uku, mace huɗu. Kafin in taɓa komai sai na ajiye kwafi, ko da zan yi ɓarna."

"Wa ya sa ka?"

Ya jawo mata kujerar roba, ya goge da hannun riga. Ba ta zauna ba. Shi ya koma kan akwatinsa, yana kallon ƙasa.

"Lamba goma sha huɗu muka kira ranar," ya ce. "Ke shida, ni takwas. Biyar a kashe. Uku sun bar gari. Huɗu sun bayar ba da daɗewa ba. Ɗaya ya rasu, matarsa ce ta ɗauka, har na tsaya yi mata gaisuwa. Na goma sha huɗun ne ya zo. Minti hamsin muka yi a barandar nan, Maman Likita. Na duba agogo."

Ta zauna.

"Da na ga jerinki yana tsawo, sai na ce wani uban zai buɗe shi, ya fara daga sama, ya yi ta kira. Gara ya tarar da mutum ɗari da za su zo, da ɗari huɗu da zai ƙare minti hamsin a kansu. Shi ne nake kiran goma kullum, kafin in ci abinci."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Na ga lambar nan ta sama ita take tashinki da safe. Ban so in taɓa miki ita da baki ba. Kuma duk ranar da na ambaci yarinyar nan, sai ki kwana biyu ba ki ci abinci ba. Sai na bari."

"Ni kuma ina cewa ka manta da ita."

Ya juya wayar a hannunsa, yana kallon gilashin nan da ya fashe. A lokacin ta tuna wa ya fasa shi. Likita ce ta yar da ita daga kan gadon asibiti tana wasa.

"Sunana fa?" ta ce.

"Naki ko da kin kai ni kotu ba zan mayar ba sai ranarsa ta yi. Ɗaya na binne. Ya ishe ni."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya bar ta ta yi kukanta. Da ta lafa, ya buɗe kwanon abincin ya ajiye a tsakaninsu, ya miƙa mata cokalin, shi ya wanke hannu.

Ba ta iya ci da yawa ba. Akwai sauran tafiya a gabanta.

Ta samu Auta a gida da la'asar, tana zaune a tsakar gida tana duba takardun ɗalibai. Ta amsa sallama ba ta ɗago ba.

"Ikon Allah. Gawa ce da kanta ta zo?"

"Auta."

"Ai cewa aka yi kada in zo kanta. Ban san ita za ta iya zuwa kaina ba."

Maman Likita ta ajiye takardun a gabanta, ta durƙusa a kan siminti, ita da ta goya Auta a bayanta. Ta faɗa mata komai, har ƙofar firjin. Auta ta juya shafi biyu, ta ture sauran.

"Na gaya miki a waya ba ni ba ce, Yaya. Da bakina na gaya miki. Ba ki yarda ba sai da injin wasu mutane da ba ki taɓa gani ba ya faɗa. Da a ce ba sa ajiye tarihin fa? Shi ke nan, mun rabu har lahira?"

Maman Likita ta ce, "Na zalunce ki. Ki yafe min don Allah."

Auta ta ci gaba da jan jan biro a takardar wani ɗalibi. Ta gama ta ɗauki wata. Sai da ta gama ta uku ta yi tsaki.

"Tashi, don Allah, gwiwoyin nan naki da suke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. In kika kasa miƙewa ni za a bari da ɗauka. Kawo wayar."

"Me za ki yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun farko, da kun buɗe baki ku biyun nan. Gida ɗaya, kowa yana dakon kayansa a ɓoye kamar ɓarayi."

Kafin magariba ta gyara shafin. Ta sa wuri a gaban kowane suna inda za a danna a ce mutum yana hutu, sunan ya ɓoye, ranar da hutun ya cika ya dawo da kansa. Lambar saman ma ta canja ta. Yanzu ba yawan waɗanda aka tara take nunawa ba, sai waɗanda aka tabbatar za su iya zuwa yau.

Ɗari da sittin da uku.

Maman Likita ta daɗe tana kallonta. Lambar ta yi ƙanƙanta a idonta.

"Kaɗan ce ko?" in ji Auta.

"A'a," ta ce a hankali. "Wanda ya kira na farko zai samu."

Suka raba kiran uku: Abban Likita da rana, Auta ranakun da ba makaranta, ita kuma da safe kawai. A makon nan ta gama labulen matar nan, ta kuma yi barcin rana, abin da ta manta yadda yake.

Abban Likita ya goge ƙofar firjin da fetur, tunda shafin ya karɓi aikin. Suna ɗaya ya bari a tsakiya, mai layi biyu a ƙasa. Ya ce wannan bai yarda da inji a kansa ba.

Darasi: Kafin ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci, ka bincika, kuma kada ka furta kalmar rabuwa a kan zato, don ba kullum ake samun takardar da za ta wanke wanda ka zarga ba. Kada gajiya ta sa ka ce kai kaɗai kake ɗauke da kaya. Wataƙila wanda kake ganin ya yi shiru, shi yake riƙe da ɗaya gefen ba ka sani ba. Ku riƙa magana a cikin gidajenku, 'yan'uwa. Ku tura wannan ga wanda kuka san ya gaji, da wanda kuka san ya yi fushi da nasa, ko Allah Zai sa ya duba kafin ya yanke.